Mitwalli da Doguwar Sanda

Mitwalli kwandasta ne a taragon da ke ratsa Iskandariyya. Daga asuba zuwa azahar yana yagar tikiti, albashin kuwa ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Amma abin da ke cin ransa ledar kifi ce. Kullum la'asar matarsa Fathiyya sai ta je rumfar ƙaninta Shahata ta karɓo kwantan da bai sayu ba, shi kuma Shahata ba ya bayarwa sai ya haɗa da magana.

"Ki gai da maigida, ki ce ya ci a hankali, akwai ƙaya."

Fathiyya ba ta taɓa kawo masa maganar ba, sai dai a unguwar Bahari kafin mutum ya iso gida zancensa ya riga shi. Mutumin kirki ne Mitwalli, wallahi, irin waɗanda ko gardama ba su iya ba. Yakan ci kifin kansa a sunkuye, kunya kamar ta kashe shi.

Ran nan Hajiya Nawal, mai benen kusurwa, ta tare shi a hanya. Iskar teku ta shafe mata tagogi da gishiri har sun yi fari. Ta ce in zai riƙa wanke su duk mako bayan ya taso aiki, za ta biya shi abin da zai isa cefane. Washegari ya nufi shagon Baba Girgis a Manshiyya. Bokiti da soso da robar sharce ruwa ba su ba shi wahala ba. A kan abu ɗaya ya maƙale.

"Tsani ko sanda, Abu Samah?" in ji tsohon, don da sunan 'yarsa Samah ake yi masa alkunya.

"Wanne ya fi, Baba?"

"Ga mai kai irin naka? Sanda sai ka yini kana kallon sama, kai kuwa ko hasumiya ka ɗaga kai ka duba sai ka nemi bango. Ɗauki tsani, gilashi na gaban hancinka."

"In kafa tsani a Bahari, kaina ya ɓullo a tagar matan mutane? Ai kafin in sauko an gama haƙa mini kabari."

Ya daɗe a tsaye yana shafa wannan yana shafa wancan, har Baba Girgis ya ce in kwana zai yi a kawo masa bargo. Jirin nan ya daɗe da shi, ya san halinsa. Mazan unguwarsu ma ya san halinsu. A ƙarshe ya ɗauki sandar, doguwa mai miƙewa, don gara ya faɗi a ƙasa da a ce ya leƙa ɗakin wani.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ruwan sabulu na biyo sandar yana shiga hammatarsa, benen na juyawa a kansa. Sai ya zauna a dakali ya runtse ido, in ƙasa ta tsaya ya miƙe ya ci gaba. Kafin magariba tagogin nan sun fito tas, kamar babu gilashi a wurin. Ya koma gida wuya a sanƙare, ya ce wa Fathiyya, "Uwar Samah, daga yau kin daina zuwa rumfar nan." Wake da burodi suka ci, bai kuma taɓa jin daɗin abinci irin na ranar ba.

Mako bai zagayo ba Hajiya ta aika a kira shi. Ya tarar da Usta Ragab, mai walda, wanda ke haya a hawa na biyu, ya cika ya yi fam.

"Kai ne gwanin?" in ji Ragab. "Shekara da shekaru muna zaune lafiya, haske na shigowa, ido ba ya shigowa. Yanzu matata ta tashi daga kujera, duk 'yan shayin da ke tsallake sun ɗaga kai."

"Ku sa labule mana, Usta," in ji Mitwalli.

"Labule a lungun da rana ba ta leƙowa? Mu kunna fitila da tsakar rana don kai ka ci abinci?"

Mitwalli ya dubi tagogin da ya wanke. Shi da ya ƙi tsani don kada idonsa ya shiga gidan, ga shi ya buɗe wa unguwa guda. Hajiya ta kawar da kai ta ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Ba zan iya da 'yan haya ba. A bar shi kawai."

Sauran masu benaye sun ji labari, ko ɗaya bai neme shi ba. Baba Girgis kuma ya ce kayan da ya sha ruwa ba ya komawa shago. Sandar tana bayan ƙofa, ta fi ɗakin tsayi, a karkace aka jingine ta.

Da la'asar ta yi, Fathiyya ta yafa mayafi, ta nannaɗe leda ƙanƙanuwa ta dunƙule a hannu don kada ya gani. Ya gani.

"Zan leƙa maƙwabta," ta ce.

Bai ɗago ba. "To. Ki gai da Shahata."