Ranar da Baba Dikin Ya Tare Kogi

A Kafanchan ta shekarun saba'in, in ka ji ana kaɗa ƙararrawar keke kamar gobara ta tashi, to Baba Dikin ne. Dikin ɗin cocinmu na Baptis ne, wato dattijon da ke taimaka wa fasto, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma ma'aikacin ruwan famfo na gari. Gajeren wandon kaki, sifana ɗaure a bayan keke, murya kuwa ko raɗa ya yi sai an ji a tashar jirgi. Komai nasa fareti ne. Ko benci zai jera a coci sai ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya duba ko layi ya miƙe. Mu 'yan zumuntar mata mukan yi masa dariya a bayan ido, amma in famfon unguwa ya ƙafe ko wani ya kwanta asibiti, ƙofarsa muke bugawa.

Lokacin ina sabuwar malamar firamare, na ɗauko mahaifiyata daga Godogodo ta zauna da ni. Ta gama ajin baftisma tsaf, har ta fi matasa amsa tambayoyin fasto. Abu ɗaya ya tsaya mata: ruwa. Mu ba ma yayyafi, nutsar da mutum muke yi gaba ɗaya a kogi, ita kuwa tun daminar da kogin garinmu ya tafi da yayana yana yaro, ba ta ƙara sa ƙafa a rafi ba. An taɓa yin baftisma ta zo har bakin ruwa da farin zanenta, ta juya ta koma gida. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Duk ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa ga waɗanda aka yi wa baftisma, sai ta zauna a baya tana kallon tire yana wuce ta, ga tsufa ya kama ta, kullum tana ce mini ba ta so ta mutu a bakin ƙofa.

Baba Dikin ya zo gida da dabara.

"Maman Malama, akwai babban tanki a wurin aiki namu. Ni zan cika shi, fasto ya zo ya gama aiki, finish."

Mama ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba Dikin, ni rogo ne da za ka jiƙa a tanki? Inda aka sa kowa, can za a sa ni, ko a bar ni."

Ya sara mata, ya hau kekensa. Ban taɓa ganin an mayar masa da oda ba sai ranar.

Lahadin baftisma muka fito daga coci da waƙa, ana kaɗa tulu ana girgiza caki, har bakin kogi. Fasto ya shiga ruwa zuwa ƙugu. Aka nutsar da matasa ɗaya bayan ɗaya, muna ta guɗa. Da aka zo kan Mama, sai ta ƙame. Ta damƙe hannuna, idonta yana can ƙasa, inda ruwan yake lanƙwasa ya ɓace cikin duhuwa. Waƙa ta fara mutuwa a bakinmu. Na ce a raina shi ke nan, yau ma gida za mu koma.

Aikin Baba Dikin a irin wannan rana shi ne riƙe tawul a bakin gaɓa, cikin kwat ɗinsa ta Lahadi da lambobin yaƙi a ƙirji. Sai kawai ya miƙa mini tawul ɗin, ya faɗa ruwa da kwat da takalmi, ya daka tsawa:

"Duk namiji na cocin nan, shiga ruwa! Hannu cikin hannu, kamar yadda mun yi a Bama!"

Wayyo, zo ka ga kallo! Hedimasta da laktaya ɗaure a wuya, direbobin jirgi, teloli, tsofaffi masu sanda, duk suka ruga ciki. Ya jera su daga wannan gaɓa zuwa waccan, ƙasa da inda fasto yake tsaye, suka sarƙe hannu suka datse kogin da jikinsu. Har a nan sai da ya rufe ido ɗaya ya gyara layi. Sannan ya tsaya a tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, ya ce:

"Maman Malama, zo! Ruwan nan ba shi da hanya. In zai tafi da ke, sai ya fara tafi da mu duka."

Ban san lokacin da ta saki hannuna ba. Ta taka, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Muka ɗauki waƙa da ƙarfin da ban san muna da shi ba, ina tsalle ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Fasto ya dafa goshinta, ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ita. Ruwa ya rufe ta.

Sai ga ta ta ɓullo, tana tari, furfurarta tana ɗiga. Guɗa ta kece gaɓa biyu, Baba Dikin yana ihun Halleluya har ya kusa tsinka layinsa.

Na shiga da gudu da tawul, amma ba ta yi saurin fita ba. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke wucewa ta gefenta, ta riƙe kafaɗata, ta ce mini a hankali da yarenmu:

"Ashe yana mayar da mutum."