Hannun Baba Akawu

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ƙarti uku suka shiga gidan tarihin garinmu suka karya wa Baba Akawu hannun dama a wuri biyu, suka zubar masa da haƙora uku. Ɗan Kwangila, attajirin nan na garinmu, shi ne ya kawo su a motarsa, kuma yana tsaye aka yi. Ba labari aka ba ni ba. Ni ce telan da ke koya wa mata ɗinki a barandar gidan kowace Asabar, kuma har yau ba na iya ɗaga kafaɗata ta hagu.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Akawu tsoho ne mai shekara saba'in da huɗu. Shekara talatin ya yi a gidan waya yana buga hatimi, yana rubuta wa waɗanda ba su iya ba wasiƙa. Da aka rufe gidan wayan awaki suka mayar da shi makwanci, shi ya je ya roƙi makulli, ya kwashe kashin da hannunsa, ya ce nan ne zai zama gidan tarihi. Sannan ya bi gari gida-gida da baro yana roƙon tsofaffin kaya: garma, garmaho mai faifan waƙa, dutsen guga na gawayi, ƙararrawar firamare ta farko, har keken ɗinkin kakata. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Mu goma sha ɗaya muka bi bayansa, wannan shara, wancan gyaran taga, wata zagayawa da 'yan makaranta.

Dokarsa ɗaya ce. Duk wanda ya kawo abu zai zauna ya faɗi labarinsa, Baba ya rubuta a farin kati yadda ya fito daga bakin mai shi, ya karanta masa, mai shi ya sa hannu. Daga nan ba mai taɓa katin sai wanda ya faɗa. Akwai maƙerin da ya ce da wata guduma ubansa ya kashe kuraye bakwai. Na ce, "Baba, wannan ai ƙarya ce tsagwaronta."

Ya ce, "Ƙaryarsa ce, 'yata, ba tawa ba. Ga sa hannunsa nan."

Shekara shida da suka wuce gwaggon Ɗan Kwangila, ƙanwar ubansa, ta sa aka ɗauko mata wani tsohon sikeli mai faranti biyu. Ga abin da ta sa aka rubuta: "Sikelin ubana ne. Da shi ya sayi amfanin gonar mutanen garin nan shekara ashirin. A juya farantin duwatsun awo a ga dalmar da ya liƙa a ƙasa. Na kawo ne don in samu sauƙin kwanciyar kabari." Bara ta rasu.

Ɗan Kwangila bai taɓa karanta katin ba, don bai taɓa shigowa ba. Bana ya ba mu kwanon rufi, sai ya kwaso baƙinsa daga birni su ga alherinsa. Baba kuwa ya yi musu abin da yake wa kowa: ya ɗora dutse iri ɗaya a kowane faranti, sikeli ya karkata, ya juya farantin, ya karanta kati da ƙarfi. Baƙi suka kwashe da dariya, ɗaya har da dafa kafaɗar mai gayya yana cewa ashe abin gado ne.

Washegari Hedimasta, shugaban kwamitinmu, ya zo yana murza hula. "Akawu, kati ne fa kawai. Cire sunan, a zauna lafiya."

"Kawo min Gwaggo ta ce a cire."

"Haba Akawu, matar da ke ƙasa?"

"To ka gani."

Ran Asabar ɗin muna mu tara a baranda ina nuna yadda ake yanka wuyan riga, Ɗan Kwangila da ƙartinsa suka wuce mu ko sallama babu. Na bi su da almakashi a hannu ban ma san ina riƙe da shi ba. Baba yana bayan tsohuwar kantar gidan waya yana goge gilashi.

Ɗan Kwangila ya jefa masa sabon kati. "Tsoho, rubuta: sikelin wani ɗan kasuwa. Shi ke nan."

"Ɗana, ba ni na faɗa ba, ba ni zan janye ba. In kana da naka labarin, zauna in rubuta maka, mu ajiye kusa da nata."

Kafin ya rufe baki na farkon ya kwaɗa masa mari, tabaraunsa ya yi sama. Na biyun ya shaƙo wuyan rigarsa ya jawo shi ta kan kanta, ya buga bakinsa a gefen katako. Na ji ƙarar haƙoran. Na yi kansu ina ihu, na ukun ya murɗe hannuna har almakashin ya faɗi, ya wurga ni jikin ƙofa. Daga ƙasa na ga sauran. Sun shimfiɗa hannunsa na dama a kan kanta, mutum biyu sun danne.

"Da wanne kake rubutun?" in ji Ɗan Kwangila. "Wannan ko?"

Dutsen awo mai kilo biyar suka ɗauka, na sikelin nan. Sau biyu. Na farko a wuyan hannu, na biyu a kan yatsu. Baba bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi kamar na bijimi, sannan fitsari ya zubo masa. Tsohon da ya rubuta wa uwayenmu wasiƙa! Suka farfasa gilashin akwatuna uku da ƙafa, suka yayyaga katin Gwaggo, suka saɓi sikeli suka fita. Ɗaya daga cikin ɗalibaina, mai ciki wata bakwai, ta zube a baranda tana amai.

Hedimasta yana tsallaken titi a ƙarƙashin bishiya da jaridarsa. Na gan shi, ya gan ni. Sai da motar ta sha kwana ya taso yana salati.

A baron da ya tara kayan gidan muka tura Baba bakin titi, jini na ɗiga. Likita ya ce hannun zai haɗe, amma yatsu uku sun tafi ke nan, ba zai ƙara riƙe biro ba. 'Yarsa ce ke ba shi abinci a baki. Da na je duba shi, leɓe a kumbure, abin da ya fara tambaya shi ne ko mun kwashe gilashi, kada 'yan makarantar ran Laraba su taka.

Ban iya gaya masa ba. Babu 'yan makaranta ran Laraba. Kwamiti ya zauna ba tare da mu ba, ya garƙama wa gidan sabon kwaɗo, wai sai ƙura ta lafa. Da 'yan sanda suka zo, Hedimasta da ma'aji da sakatare suka ce tsoho ne ya faɗo daga tsani. Tsani! Wane irin tsani ne ke zaɓen hannun dama? Ni da na je na ba da nawa bayanin aka ce shugabannin wurin sun riga sun yi magana, in je gida in gasa kafaɗa. Ku shugabannin, an saye bakinku da kwanon rufi, ko kunya.

To ku saurara, Hedimasta, da kai da mutanenka biyu. Ku koma ofishin 'yan sanda ku janye maganar tsani, ku faɗi sunan wanda ya kawo ƙartin, mu tara muna bayanku da shaida. Ku sa Ɗan Kwangila ya dawo da sikelin da dalmarsa a jiki, kada a kankare ko ƙwaya. Ku kai wa Baba Akawu makullinsa har gadon asibiti, ku gaya masa da bakinku abin da kuka ce a kansa. Ina so in ga an yi kafin Asabar. In ba ku yi ba, ku fito fili ku gaya wa garin nan dalili.