Fiton Mai Walda

Shekara ashirin da shida yana walda a rumfa ɗaya, bayan tashar mota. Abokan sana'a suna ce masa Injiniya, da farko don zolaya, daga baya sunan ya bi shi. Ba ya sallamar aiki sai ya ƙwanƙwasa haɗin da guduma ya ji ƙararsa.

Kullum idan ya taso daga aiki, yana shan kwanar layinsu sai ya yi fito sau biyu. Matarsa idonta ya yi rauni, ba ta gane fuska daga nesa, amma da ta ji fiton nan sai ta zare sakata ta ɗora ruwan wanka.

Bara wani ƙyauren ƙarfe ya suɓuce daga kan mota ya farfasa masa muƙamuƙi. A asibiti aka haɗa ƙashin da siririn ƙarfe da ƙananan ƙusoshi shida. Likitar da ta yi aikin ta gargaɗe shi kada ya taɓa wurin, ya bar jiki ya karɓi baƙon da kansa. Ya ce to.

Bai iya ba. Safe da yamma sai ya sa yatsa cikin baki ya danna ɗinkin, ya ji ko ƙusoshin sun kama. Da ya fara leƙa rumfa ma haka yake yi, da hannun da ya gama shafa tsatsa. A mako na uku fuska ta kumbura, wurin ya fara ruwa. Likita ta yi masa bayani cewa ƙwayoyin cuta sun manne a jikin ƙarfen, kuma idan suka samu wurin zama a nan magani ba ya kai musu. Dole aka cire ƙarfen.

Wata huɗu ya yi da baki a karkace, yana shan abinci da tsinken roba. Idan ya dawo gida sai ya buga ƙofa kamar baƙo, matar ta tambaya waye. Ni maƙwabcinsa ne, ya gaya mini ciwon bai dame shi kamar wannan tambayar ba.

Kafin aiki na biyu an cire masa ruɓaɓɓen haƙori guda, an sa ya bar taba, an ba shi ruwan kurkure baki. Likita ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, ƙashin da ya rage kaɗan ne. Idan wannan ya lalace, ba ni da inda zan ɗaura na uku."

Matar tana gefe tana ji. Ranar da aka sallame shi ta sa aka sayo sabuwar safar hannu ta walda, mai kaurin nan da ko allura ba a ji a cikinta, ta wanke ta zura masa.

"Yanzu ni za ki mayar jariri, 'yar tsohuwa?" Da ƙyar maganar ta fita.

"Jariri ya fi ka jin magana, Injiniya. Miƙo ɗayan."

Mako shida yana zaune a tsakar gida da hannuwa kamar na mai dambe, ita take cire masa idan zai ci ko zai yi wanka. Maƙwabta suka yi ta tambaya yau me za a haɗa. Wurin ya kame, ba kumburi, ba ruwa.

Leɓensa na ƙasa har yanzu a mace yake, likita ta ce jijiyar tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi. Ranar da na raka shi gida daga rumfa, ya tsaya a kwanar layi ya tattara baki ya hura. Iska ce kawai ta fito, da ɗan siririn sauti a ƙarshe. Ya sake gwadawa. Muka tsaya muna kallon ƙofar, ba ta motsa ba.

Ya ce jiya sai da ya kai bakin ƙofa kafin ta ji. Ya ƙara taku goma, ya sake tsayawa.