Kifin da Ya Cinye Jan Bijimi

Bijimai uku kakana yake da su a shekarar da ya ƙudura haƙa rijiya a gidanmu na Mayo-Ulo: fari, ja, da wani baƙi mai karyayyen ƙaho. Su ke nan jarinsa, domin dillalin shanu ne da tsufa ya fara zaunarwa. Duk sanda idona ya faɗa kan wani fallen dutse da na ajiye a shagona na Garwa, sai lissafin nan ya dawo mini.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ina shekara tara. Da rani kakata takan yi doguwar tafiya zuwa busasshen rafi, ta tona yashi da ƙoƙo kafin ta cika tulu ɗaya. Wata rana ta faɗi a hanya ta gurɗe ƙafa. Washegari farin bijimi ya tafi kasuwa, mahaƙa biyu suka zo.

Mahaƙan nan suna da al'ada: ƙasar kowace gaba sai su zuba ta tsibi daban, a jere. Ta farko ja, sai tsakuwa, sai wani dutse mai ruwan toka da ke tsagewa falle-falle. Gaba bakwai, ko danshi babu, kuɗi kuma sun ƙare. Kakana ya ce a tsaya. A ranar ce na buga wani falle a ƙasa ina wasa, ya rabe biyu, sai ga kifi kwance a ciki, da ƙayoyinsa, da wutsiya, har gurbin ido.

Kakata ta rangaɗa guɗa. Kakana ya jujjuya dutsen ya ce, "Kifi ba ya nisa da ruwa. Ku ci gaba." Jan bijimi ya bi farin.

An kai gaba goma sha ɗaya a bushe, har an fara zancen sayar da baƙin bijimin, sai labarin kifin ya kai kunnen wani ma'aikacin gwamnati ɗan Kudu, mai yawo a gindin tsaunuka da guduma da jaka. Mahaukacin duwatsu ake ce masa. Ya yi sallama da Fillancinsa mai gargada. Bai ma leƙa ramin ba, tsibin nan ya bi ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa, yana sansanawa.

Ya ce, "Baba, yaya kake gane shekarun saniya?"

"Haƙori mana. Mai saniya yana ƙarya, haƙori ba ya yi."

"To waɗannan tsibin su ne haƙoran ƙasa."

Ya tsuguna ya yi masa bayani. Abin da ke ƙasa shi ya riga kwantawa, na sama ƙanensa ne. Dutsen tokan nan lakar gindin wani tafki ce da ta yi ta taruwa har ta daskare. Irin wannan kifi ya ƙare a duniya, masana kuma sun san zamanin da ya rayu, don haka shi ke faɗin shekarun lakar. Wasu duwatsun kuwa aika su ake yi a auna, domin akwai wani abu a cikinsu da ke raguwa a hankali kamar tulu mai ɗiga. In ka san saurin ɗigar, ka ga abin da ya rage, ka san yaushe aka cika shi.

"Ruwan da kifin nan ya sha ya ƙafe tun shekaru miliyoyi, Baba. Daskararriyar laka ba ta ba da ruwa. Dutsen da ke ƙarƙashinta ya girme ta, ya kuma fi ta rowa."

Kakana ya shafa gemu. Ya ce, "Adadin dai Allah ya sani. Amma na ji. Tsohuwar saniya na saya da kuɗin karsana."

Mutumin ya nuna masa gangaren gona, inda dutsen yashi yake shan ruwan damina. Bai rantse ba, cewa ya yi can ya fi. Kwana biyu kakana bai fita ba. Barin gaba goma sha ɗaya abin dariya ne a gari, baƙin kuma shi kaɗai ya rage. Ni kuwa ɓuya nake, ina ganin ni na jawo. Kakana ne ya nemo ni bayan rumbu ya ce, "Fito, ɗan nema. Ba ka yi ƙarya ba, kifin ma bai yi ba. Ni ne ban duba haƙori ba." Ya miƙo mini dutsen, ya kwance baƙin.

A gangaren, a gaba ta shida aka taɓa ruwa.

Yanzu injin ke huda ƙasa cikin yini guda, ba tsibin da za a jera, balle mai tsugunawa ya karanta. Ni dai na yi ta lissafin nan tsawon rayuwata ta kasuwa. Bijimai biyu sun tafi a banza, kakana bai sake shiga kara, kasuwar shanu, da dabbar kansa ba har ya rasu. Ramin farko shara ta cike shi. Amma kakata ba ta ƙara ɗaukar tulu zuwa rafi ba, kuma har yau ana jefa guga a rijiyar gangare. In ka tambaye ni, baƙin shi kaɗai ya biya kuɗin ukun.