Tsayuwar da Na Yi a Cocin Gummi

Shekarar da za mu rubuta jarabawar fita sakandare, makarantarmu ta Gummi ba ta da malamin kemistiri. Wanda muke da shi ya tattara ya koma garinsu saboda tsoron hanya. Ni kuwa aikin jinya na sa a raina, kuma babu mai ɗaukarka makarantar jinya ba ka ci kemistiri ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Sai wata 'yar ajinmu Kirista ta ce mini cocinsu na Katolika yana yi wa 'yan sakandare darasin hutu. Da safe lissafi da kimiyya, wata Sista ke koyarwa. In an buga ƙararrawar sha biyun rana sai su yi addu'a, su shiga karatun addininsu. Fada, limamin cocin, ya ce 'ya'yan Musulmi na iya zuwa na safe, da an buga ƙararrawa kowa ya kama gabansa.

Gidanmu gidan malamai ne. Tun rasuwar mahaifina, yayansa Baffa ke da ta cewa, kuma a zaurensa nake ɗaukar karatun littattafai da yamma. Ban tambaye shi ba, don na san amsar. Na sa hijabina na tafi.

Wallahi Sistar nan ta iya koyarwa! Ruwan zoɓo ta zuba a kofi, ta ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa ya rikiɗe ya yi kore, ta matsa lemun tsami ya dawo ja. Abin da na yi ta haddacewa ban gane ba, ga shi a gabana. Ina tsakiyar rubutu aka buga ƙararrawa, aji duka ya miƙe, ni ma na miƙe. Tun firamare haka aka hore mu: aji ya tashi, ka tashi. Sai da na ga hannuwa na zuwa goshi da ƙirji na gane addu'a ce. Kunyar ratsa su ta hana ni fita, na tsaya ƙiƙam da biro a hannu har suka gama.

Ashe wani ɗan kabu-kabu ya hango ni ta taga. Kafin in isa gida labari ya riga ni, har an ƙara masa gishiri: wai na yi alamar gicciye.

Baffa ya kira ni tsakar gida.

"Mi kinka je yi ɗakin ibadarsu?"

"Karatu, Baffa. Tsayuwar ma kuskure ce, ban buɗe baki ba."

"Kin je na ƙarshe."

Raina ya ɓaci, na ce, "To wa zai koya mini? Shi mai gulmar?"

Ni 'yar fari ce. Inna ba ta kama sunana, ba ta sa baki a maganata, ko duka ake yi mini sai ta kau da kai. Ranar sai muka ji muryarta daga bakin ɗaki.

"Malam, gobe ni ka kai ta."

Haka kuwa aka yi har hutu ya ƙare. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke wajen cocin, tana jan casbi, masu kallo na kallo. Da an buga ƙararrawa in fito mu taho, ko kallona ba ta yi. Baffa ya hana ni zaurensa, wannan kam ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da sakamako ya fito, na ci kemistiri. Na je na durƙusa a ƙofar zauren na gaya masa. Ya juya shafin littafinsa, ya ce wa ɗalibin gabansa ya ci gaba. Har yau bai ce mini barka ba. Ni ma har yau ban ce masa ya yi haƙuri ba.