Abin da Na Faɗa wa Ɗiyar Yayana

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni budurwa ce da ta gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a gidanmu na Wurno, gidan malamai tun kaka da kakanni. Ba aikin fari ba na baƙi, sai latsa waya. Wata ƙawata ta tura mini wani katun, wato fim ɗin zane, na Jafanawa, labarin wani ma'aikaci da babbar mota ta kaɗe ya mutu, sai ya farka a wata duniyar ya zama butar shayi, yana magana, yana ba sarakuna shawara, har yaƙi ake a kansa. Shirme ne tsagwaronsa, amma ya shiga raina har tuwo ya sha ƙonewa a hannuna.

Ɗiyar yayana, 'yar shekara shida, ita ce abokiyar kallona. Ba ta jin yaren, ni ma rubutun ƙasa nake bi, sai in riƙa fassara mata ina ƙara gishiri. Ta sha tambaya ta ko mutumin ya ji zafi da motar ta buge shi, ni kuma in ce ina, ai kamar ƙiftawar ido ne, sai dai ka gan ka can cikin daɗi. Don ta ƙyale ni in yi kallo nake faɗa. Ban taɓa ce mata zane ne kawai ba, a tunanina kowa ya san haka.

Lokacin cirar albasa yayana ya ɗora buhu biyu a babur zai kai kasuwar Goronyo, mota ta kaɗe shi, ko asibiti ba a kai ba. Gida ya cika da masu gaisuwa. Yarinyar nan ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, wasanta kawai take, mata suna ta yaba mata, wai jinin malamai ne, da tawakkali aka haife ta. Ni ma don wauta har daɗi na ji.

Ranar sadakar uku, ana tsakiyar rabon gumba, aka nemi yarinyar aka rasa. Wani maƙwabcinmu da ke dawowa daga gona ne ya gan ta tsaye a tsakiyar titi, sanye da kayanta na salla, ta rufe ido, wata mota ta kauce mata har motar ta faɗa gefen hanya. Ya sungumo ta ya dire a tsakar gida. Mahaifiyata ta tambaye ta abin da ya kai ta can. Sai yarinyar ta nuna ni da yatsa.

"Goggo tac ce in mota ta kaɗe mutum shina tashi wata duniya, kuma babu zahi. Wurin Baba za ni tahi. Mi niy yi?"

Matar yayana, da ke cikin takaba, kallo na kawai ta yi, kuma wallahi da duka na ta yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifina bai zage ni ba. Ya ɗora yarinyar a cinyarsa, ya faɗa mata a hankali cewa babanta yana kabari, addu'a ce kaɗai ke isa gare shi, titi ba ya kai kowa wurinsa. Sai a lokacin ta gane. Kukan da ta yi har yau ina jin sa.

Ban ɗora wa fim laifi ba, bakina ne. Na koyi cewa yaro ba ya raba wasa da gaskiya in daga bakin babba ya ji. Don Allah 'yan'uwa, in yaro ya tambaye ku mutuwa, ku ajiye waya ku dube shi, ku faɗa masa gaskiya. Saura kaɗan mu binne mutum biyu cikin kwana uku, saboda na ƙagu in ga ƙarshen fim.