Baba Kuramochi da Murjanin da Muka Bar Masa

Ranar Asabar, 16 ga Agusta, 'yarka Natsue ta buga waya ta ce an same ka a ɗakinka da ke garin Wakayama, rai ya yi halinsa. Likita ya ce tsananin zafin gari ne.

Baba Kuramochi, kai ka koya wa yawancinmu kiwon murjani mai rai, irin na teku, a tankin gilashi. Ranar da nawa ya fara koɗewa, na zo maka da dogon bayani a kan gishiri da haske. Ka tsoma yatsa a ruwan ka ce, "'Yar nan, wannan ai miya kike dafawa." Ka ɗora fanka a bakin tankin, ka rage fitila, ka jefa gorar ƙanƙara. Cikin mako launi ya fara dawowa.

Bana zafi ya wuce misali, ga hutun Obon ya zo, kowa zai tafi garinsu ziyarar kaburburan iyaye. Mu uku cikin ɗalibanka muka kwaso murjaninmu da injinan sanyaya ruwa muka jibge maka. Mun tambaya cikin ladabi, irin tambayar da muka san dattijo kamarka ba zai iya cewa a'a ba. Muka rusuna, muka ajiye kwalin kayan zaƙi.

Na ce, "Baba, ba mu takura maka ba?"

Ka ce, "Ku tafi ku gaida matattunku. Ni ina nan tare da masu rai."

Dukanmu mun san injinan nan iska mai zafi suke hurawa cikin ɗaki. Mun kuma san wutar tsohon gidanka ba ta ɗaukar kaya da yawa, da an ƙara sai ta yanke. Babu wanda ya haɗa biyun a ransa, domin jirgi yana jiranmu. Natsue ta tarar da injinanmu suna aiki, na'urar sanyaya ɗakinka kuwa a kashe, an zare wayarta daga bango.

Bayan jana'iza ta ce mu zo mu ɗauki kayanmu. Ko reshe ɗaya bai koɗe ba. Har godiya ta yi mana da muke ɗebe maka kewa. Nawa yana falo yanzu, kore shar, na kasa zama kusa da shi.

Natsue, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙuri, ku yafe mana in za ku iya. Baba, Allah ya jiƙanka da rahama, ya sanyaya makwancinka.